Hannun da Mahamud Ya Hana Malam Nomau

Mahamud ɗan goggona ne, abokin wasana, saboda haka ina da izinin faɗin abin da duk unguwarmu ta Zengu ke gani ta yi shiru: tafin hannunsa ba ya bushewa. Ko sanyi ake yi, ko yana zaune gaban fanka, gumi ne ke tsattsafowa har ya ɗiga. A shagonsa na shadda da sanda yake nuna wa masu saye kaya. Ni kuwa in na leƙa sai in ce a kawo bokiti kada ruwa ya tafi a banza. Yakan yi dariya, amma na san abin yana ci masa rai.

Tun muna lekwal, wato makarantar boko, ya samo dabara. In ka ba shi hannu, sai ya dunƙule nasa ya miƙo maka tsintsiyar hannu, yadda mutum ke yi in an tarar da shi yana cin tuwo. Mutanen Damagaram sun saba da shi. Malam Nomau kuwa ba a cikin gari yake ba.

Malam Nomau manomi ne a ƙauyen Dogo, shi ne mahaifin Sakina, malamar makaranta, wadda Mahamud ke nema da aure kamar ya mutu. Ranar da na raka shi gaisuwa muka durƙusa a zaure, sai dattijon ya yi abin da ba kowane uban yarinya ke yi ba. Ya miƙo wa Mahamud hannu, hannu mai kanta, duk ya tsattsage. Gogan naka, da tafinsa ke jiƙe sharkaf, ya dunƙule ya ba shi tsintsiya. Dattijon ya dubi hannunsa, ya mayar da shi kan gwiwa, gaisuwar ta ƙare tun ba ta fara ba.

Bayan kwana kaɗan Sakina ta kira Mahamud a waya. "Baba ya ce wanda ke ƙyamar hannun da ya noma geron da na ci na girma, bai ga abin da zai yi da ni ba."

Na ce wa Mahamud ya koma ya faɗi gaskiya kawai. Ya ce wane uba zai ba mai ciwo 'yarsa? Ya ga a waya ana yin tiyata, a yi ta, hannu ya bushe, sannan ya koma Dogo. Taurin kansa na gidansu ne, ba namu ba. Haka na bi shi wajen wata likitar fata.

Ta duba tafinsa, ta yi tambayoyi, ta ce ciwon sananne ne kuma ba shi kaɗai ba.

"Dokter, ni opere nake so," in ji shi, yana nufin tiyata. "Wannan satin in da hali."

"Ka san ina ake yankawa?"

Ya nuna tafinsa.

"A ƙirji," ta ce. "Ta gefen haƙarƙari ake shiga a datse jijiyar da ke aika wa hannu umarni. Hannu yakan bushe. Amma da yawa gumin sai ya koma musu baya da ciki da cinyoyi, wani ma ya fi na da, kuma in an datse shi ke nan."

Na ce, "Madalla. Ka ba Baba busasshen hannu, ka tashi ka bar masa tabarma a jiƙe." Likitar ma sai da ta dara.

Ta ce tiyata ita ce ta ƙarshe, ba a farawa da ita. Akwai allura da ake yi a tafi, tana riƙewa wasu watanni a sake, amma da zafi, kuma sai an bincika inda ake yi. Akwai ƙwaya mai busar da baki. Ita dai ta ɗora shi kan maganin shafawa kafin barci, da wani abu da ya fi ba ni nishaɗi: tire biyu na ruwa, ya tsoma hannuwa, a sakar masa 'yar wutar lantarki. Duk ranar da zai je sai na rufe aikina na bi shi, don in ga babban ɗan kasuwa zaune da hannuwa cikin ruwa yana yamutsa fuska.

Abin ya yi aiki kuwa. Ya ajiye sandar shagon, ya shiga ba kowa hannu, har mai shayi da ya gaisa da shi da safe. Sakina ta yi ta lallashin mahaifinta har ya ce mu sake zuwa.

A kan moto, a hanyarmu ta zuwa Dogo, duk inda muka tsaya sai ya buɗe mini tafi. "Suma'ila, taɓa ka ji." A bushe yake ƙamas. Muna isa ƙofar zauren, ya ji gyaran muryar dattijon daga ciki, na ga ya fara goga hannu a riga. Ya dube ni. Ban samu abin tsokana ba, tausayinsa ne ya kama ni.

Muka durƙusa. Malam Nomau ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sake miƙo hannu. Na ga yatsun Mahamud sun fara lanƙwashewa, sai kuma ya buɗe su ya sa tafinsa duka, da ruwansa da komai.

Dattijon ya riƙe. Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiya, bai saki ba. Can fuskarsa ta washe, ya juya wajen ƙanensa mai suna Kaka da ke gefe.

"Kaka, ka ji hannun yaron nan? Kunya ce. Yaran birni na yanzu wa ke jin nauyin suruki har ya yi zufa haka? Ashe mun ɗauki alhakinsa."

Na dinga ƙifta wa Mahamud ido ya yi shiru. An ba shi mafita a ɓagas, wa zai ƙi?

"Baba," ya ce, "akwai kunya, amma ba ita kaɗai ba ce. Ciwo ne, tun ina yaro. Ina shan magani, ya ragu, ban sani ba ko zai rabu da ni. Ranar nan ba ƙyama na yi ba. Tsoro na ji kada in ɓata maka hannu."

Na ce a raina shi ke nan, ɗan goggo ya kashe kansa.

Malam Nomau ya dubi hannuwan nan biyu da ke haɗe, gumi na bin tsagun nasa.

"Wannan hannun za ka ɓata?" ya ce. "Da shi nake kwasar taki." Ya ƙara damƙewa. "Ka turo manyanka. Kuma kada ka sake gaishe ni da tsintsiya, ko ruwa kake zubarwa."

Mahamud ya sunkuyar da kai. Ya so ya share ido, amma dattijon bai saki hannun ba tukuna.