Sai Gishiri Ya Bar Titi

Ƙanena Halvar ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun kafin haushi ya kwashe ni. Taurin kai ne da shi, irin na mutanen nan da ke lallaɓa tsohuwar mota kamar jinjira.

Motar ta Babanmu ce, wata jar Volvo da ya saya tun ba a haife mu ba. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a rumfar ciyawa, ɓeraye suka kafa gari a kujerar baya, tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango ƙasa daga wajen ƙafar direba. Ni na ce a kira 'yan gwangwan su kwashe. Halvar ya dube ni kamar na ce a sayar da Mama. Ya ja ta zuwa garejinsa a garin Sunne, daga nan duk Asabar da Lahadi, in ya samu hutu daga injin katako, yana kwance a ƙarƙashinta. Ya koyi walda da kansa, ya ƙone gira, ya tsufa wajen neman murfin fitila ɗaya a kasuwar tsofaffin kaya. Matarsa ta ce ita dai ta san tafin ƙafarsa fiye da fuskarsa.

Ana cikin haka Mama ta fara rikicewa. Yau ta sa makulli a firji, gobe ta dafa kofi sau uku ta ce ba a ba ta ba. Dole muka kai ta gidan kula da tsofaffi. Amma abu ɗaya bai kwance mata ba: tana so a ɗauke ta a motar Baba, a bi tsohuwar hanyar bakin tafki zuwa cocin da aka binne shi, yadda suke yi kowace Lahadi. Na kai ta a tawa, ta ce motata warin kantin magani take yi, kuma ba haka hanyar take ba. Kullum Halvar ya je da burodin kirfa, tambayarta ɗaya ce, an gama? Shi kuma amsarsa ɗaya, saura kaɗan.

A watan Nuwamba ya kira ni gareji. Ya yaye ƙyallen da ya rufe ta, sai ga ta tana sheƙi, ya murza makulli ta tashi bugu ɗaya. Wallahi kukan injin nan na Baba ne sak, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce to alhamdu lillahi, ranar Lahadi sai mu ɗauko Mama.

Ya hau goge madubin da ba shi da datti. A makon ne ƙanƙara ta fara sauka, motocin hukuma sun fito suna watsa gishiri a titi don kada a yi santsi. Kowa a nan ya san dokar masu tsofaffin motoci: daga ranar da gishiri ya taɓa kwalta, mota ta shiga ɗaki ke nan, sai ruwan bazara ya wanke hanya.

"Yaya Gunvor, gishirin nan shi ya kashe ta da farko," in ji shi. "Fita ɗaya, ya shige duk inda na yi walda. Sai Mayu."

"Kai, motar ce za ta jira Mayu ko Mama?"

"Mama ƙarfe ce, za ta binne mu duka."

Na ce masa ya wanke ta bayan mun dawo, ruwa bai ƙare a duniya ba. Ya ce ruwa ba ya kaiwa lungun da gishiri ke kaiwa. Na gaya masa abin da nas ɗin gidan tsofaffin ta faɗa mini, cewa ranakun da Mama ke gane mutane raguwa suke yi. Ya ce so yake ta ga motar cikin rana, furanni a gefen hanya, ba cikin wannan duhu da caɓi ba. Na ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ya mayar da ƙyalle ya rufe motarsa, ni kuma na rufe masa ƙofa da ƙarfi na tafi.

In faɗi gaskiya, bai taɓa fashin zuwa wurinta ba. Yana nuna mata hotuna a waya, tana shafa gilashin da yatsa. Da Kirsimeti ta sake tambaya, ya ce sai Mayu, ta ce Allah ya kai mu. Bayan sabuwar shekara zazzaɓi ya kwantar da ita, da ta tashi ba ta ƙara tambaya ba. Ta koma kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni, daga baya shi ma sunan ya tafi. Na yi baƙin ciki, na yi fushi, har na daina ɗaga wayarsa.

Mayu ta zo. Ya jira aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ya zagaya hanyar da tasa motar ta aiki ya tabbatar ta wanku, sannan ya kira ni. Na je, don uwata ce. Na sa mata rigarta mai ruwan bula, na taje mata kai, na turo ta a keken marasa lafiya zuwa ƙofar gidan. Yana tsaye jikin motar da farar riga, ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe. Tsofaffi sun cika taga suna kallo.

Mama ta dubi motar tun daga fitila har baya. Ta yi murmushi irin wanda take yi wa baƙi.

"Bawan Allah, motarka da kyau. Wa kake jira?"

Da ƙyar ya ce, "Mamata nake jira."

"To ƙara haƙuri, yanzu za ta fito," in ji ta. "Uwa ba ta barin ɗanta a tsaye."

Sai ta juyo ta ce mini, 'yan mata, mayar da ni ciki, kada mu tare musu hanya.