Wurinmu Ba a Faɗuwa

Da Maiwada ya ɗaga kofin sama, rumfar gaba ɗaya ta kaure da tafi, har 'yan matan da ke tsaye bayan kujerun manyan baƙi suka saki guɗa. Malam Hayatu ma ya tafa. Sai dai tafukansa haɗuwa kawai suke yi suna rabuwa, ko shi kansa bai ji ƙararsu ba.

Bikin ƙarshen shekara ne na makarantun sakandaren gwamnati na shiyyar, inda Talata Mafara da Bakura da Maradun ke haɗuwa, kowane shugaban makaranta ya tashi ya faɗi abin da ya shuka da abin da ya girbe. Bana a Mafara aka yi, a filin makarantar da Maiwada ke shugabanta. Maiwada kuwa ƙanen Hayatu ne, ciki ɗaya. Hayatu ne ya fara riƙe masa hannu ya koya masa rubutu a kan rairayin ƙofar gidansu a Maradun. Yau ga shi cikin farar shadda mai ɗaukar ido, ɗazu ya gama magana a lasifika kamar da ita aka haife shi.

"Mun buɗe darasin kwamfuta," haka ya ce, "mun buɗe kiwon kifi, 'yan mata mun sa masu ɗinki. A muhawara mu ne na ɗaya, a ƙwallo mu ne na biyu. Jarrabawar fita kuwa," ya dakata yana duban jama'a da murmushi, "ko yaro ɗaya bai faɗi ba. Wurinmu ba a faɗuwa!"

Shi Hayatu an ba shi nasa lokacin daidai sa'ar da ake raba lemo. Ƙaramar makarantar jeka-ka-dawo yake riƙe da ita a wani ƙauye da ke hanyar Tsibiri. Ya faɗa masu yadda zango guda cur makarantar ta zauna a rufe saboda 'yan bindiga, yadda malamai suka nemi canjin wurin aiki har ya zama shi ne shugaba, shi ne malamin lissafi, shi ne na kimiyya. Ya ce duk da haka yara sun noma gyaɗa a gonar makaranta, kuma wata ɗalibarsu ta zo ta biyu a kacici-kacici. Bai ce 'yarsa Amira ce ba. Da ya zo kan jarrabawa, muryarsa ta yi ƙasa: waɗanda suka ci ba su kai rabi ba. Mai gabatarwa ya matso ya raɗa masa, "A taƙaita, Malam." Ya zauna, mutane na ta fama da murfin kwalba.

Bayan an watse Maiwada ya ratso jama'a ya same shi, ya ɗan rusuna.

"Yaya, an wuni lahiya? Ya gajiya? Ya Inna, ya iyali?"

"Lahiya lau. Barka da arziki."

"Barkanmu dai. Yaya, Amira baɗi za ta rubuta ko? Ka kawo mini ita. Ni ma ɗiyata ce. Kada ka bari taurin kanka ya ci yarinya."

"Wadda ta yi karatu ba ta buƙatar a kai ta ko'ina."

Maiwada ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya kawo labarin zamanin da. "Allah ya bar muna kai, Yaya."

Hayatu ya san yadda ake yi ba a faɗuwa. Ai ba asiri ba ne. Ranar jarrabawa a rufe ƙofar makaranta, a kai mai sa ido ofis a kunna masa fanka a ajiye masa gasasshen nama, malamai su shiga aji da alli. Rabin waɗanda suka tafa a rumfar nan sun sani. Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan: sun sani, kuma sun tafa.

* * *

A gida ya tarar da mata cike da ɗakin Inna, mahaifiyarsu, sun zo yi mata barka. An ambaci sunan Maiwada a rediyo.

"Har sau nawa suka faɗa!" in ji tsohuwar, fuskarta cike da fara'a. "Kai fa, Hayatu? Ban ji sun faɗi naka ba. Ko kunnena ne?"

"Ba kunnenki ba ne, Inna."

Ba da mugun nufi ta tambaya ba, shi ya sa maganar ta shige shi har ƙashi. Matarsa Taiba ta kawo masa tuwo, ta dawo ta ɗauke shi kamar yadda ta kawo.

"Malam, mi ya faru?"

"Zafi ne."

Ta dube shi, ta dubi ɗakin Inna inda ake ta shewa, ta wuce madafa da tuwon.

Da aka koma sabon zango sai iyaye suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Bawa, manomi, mutumin da ya taya shi gyara rufin aji lokacin da iska ta kware shi. Ya zo ya tsuguna a bakin ofis, suka daɗe suna gaisawa, aka tambayi gona, aka tambayi dabbobi, aka tambayi hanya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Malam, ɗana Nazir zan mayar Mafara, wurin ƙanenka."

"Wani abu muka yi masa?"

"Subhanallahi. Yaron nan duk abin da ya sani kai ka koya mishi. Amma yayansa ya zauna nan ya yi karatu kamar zai mutu, ya faɗi lissafi, ga shi can yana tura baro. Ɗan maƙwabcina da ko wasiƙa ba ya iya karantawa ya je Mafara, yanzu yana kwaleji. Ba mu ce ba ka koyarwa ba, Malam. Takarda muke so."

Hayatu ya buɗe baki zai yi magana a kan amana da ranar gobe, sai ya ga tsagaggun ƙafafun mutumin, ya fasa.

Yakan gaya wa kansa ƙin ƙarya ne ke cin ransa, da tausayin yaran da ake cuta. Amma in ya hau babur zai koma Maradun, hanya ta yi shiru, ba yaran yake gani a zuciyarsa ba. Farar shaddar yake gani, da hannun da ya ɗaga kofi. Shi ya riga Maiwada shiga aikin nan, shi ya fi shi sanin lissafi nesa ba kusa ba, shi ya zauna a inda kowa ke gudu. To don me? Yakan yi istigfari, tambayar ta kwanta, ta sake tasowa kafin ya kai gida.

Abin da ke ɗan sanyaya masa rai Amira ce. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta tasa lissafi a gaba. In tambaya ta gagare ta ya miƙa hannu zai nuna mata, sai ta rufe littafin da tafinta.

"Baba, don Allah kada ka faɗa. Bari in kama ta da kaina."

Takan yi ta kokawa da ita, tana taunar bayan biro, har sai ta yi tsalle ta ce, "Na kama ta!" Taiba ta leƙo daga madafa ta ce, "Kaza kika kama ko mi?"

Ana cikin haka Inna ta yanke jiki ta faɗi, aka kwantar da ita kwana biyu a asibiti. Maiwada ya zo da mota. Wata ma'aikaciya ta gan shi ta rusuna har ƙasa, ta ce shi ne shugaban makarantarsu. Ta juyo wurin Hayatu ta tambaya, "Kai ne direban Baba?"

Maiwada ya gyara mata da sauri, ya ce yayansa ne, malaminsa ne ma. Hayatu ya yi murmushi. Ranar kasuwar Maradun da ta zo kafin jarrabawa ya sayi zabi biyu masu ƙiba, ya ce wa Taiba baƙo zai yi.

* * *

Ranar takardar lissafi hadari ya haɗu tun safe amma ya ƙi zubowa, ajin ya yi zafi kamar tanda. Mai sa idon da aka turo bai ba shi wahala ba. Da ya ji ƙamshi daga ofis sai ya duba agogonsa, ya ce yana da ciwon ciki na yunwa, likita ya hana shi jinkirta abinci.

Hayatu ya shiga ajin ya ja ƙofa. Yara suka ɗago. Ya karɓi takardar tambayoyi daga hannun wani, ya juya ga allo ya fara rubuta amsoshi. Layin farko ya fito a karkace. Daga na biyu rubutun ya daidaita, don lissafi ne, abin da ya fi sani a duniya.

Da farko ajin ya yi tsit. Sai ya ji ƙarar takardu, sai biro ya fara gudu ta ko'ina. Wani yaro a baya ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam," wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Da ya juyo don ya share gumi ya ga Amira. Tana layi na biyu. Ta riga ta cika shafi da nata aikin, amma yanzu ta ajiye biro, tana kallonsa kamar mai ƙoƙarin gane baƙon da ya shigo gida. Ya kau da kai, ya sake dubawa, har yanzu shi take kallo.

"Lokaci na tafiya," ya ce wa ajin duka. Ba ta motsa ba. Ya matsa kusa da teburinta, ya rage murya. "Rubuta."

"Baba, na kusa..."

"Na ce ki rubuta. In naki ya bambanta da na kowa, ke za ki tona mu."

Ta dubi shafinta. A hankali ta ɗauki biro ta ja layi a kansa daga sama har ƙasa, ta buɗe sabon shafi, ta ɗaga ido ga allo. Tun daga ranar ba ta ƙara shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ba. Sauran takardun ma haka aka yi su, kuma kowace rana ta fi ta jiya sauƙi.

* * *

Bikin shekara ta gaba a Bakura aka yi. Da aka kira makarantar da ta fi kowace samun ci gaba, aka ambaci sunan Malam Hayatu, rumfa ta ɗauki tafi. Wani babba ya ce wannan darasi ne ga masu fakewa da rashin tsaro: ga ƙauye ya yi abin da birni ke yi. Hayatu ya karɓi kofin, ya ji shi sakayau, ashe gwangwani ne aka shafa wa ruwan zinariya.

Bai kai ga zama ba aka sanar da cewa makarantar Maiwada ce aka zaɓa za a gina wa sabon ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Tafin da aka yi ya ninka nasa. Ya ji abin nan ya sake motsawa a ƙirjinsa, a wurin da yake, ko kaɗan bai ragu ba.

Maiwada ya zo ya rungume shi a gaban jama'a, ya kai baki kusa da kunnensa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Mun daɗe muna jiranka."

Amira ba ta je bikin ba, ta ce kanta ke ciwo. Sakamakonta ya fi na kowa kyau a makarantar. Da matan unguwa suka zo yi mata barka, sai ta ce masu, "Baba za ku yi wa," ta shige ɗaki. Suka ce kai, yarinyar nan akwai ladabi. Taiba kaɗai ta bi ta da kallo, sannan ta juyo ta dubi mijinta, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Inna kuwa ta ji sunayen 'ya'yanta biyu a rediyo, ta yi ta sa albarka.

Ranar Litinin ɗin farko ta sabon zango ya shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe. Ajin ya cika maƙil, har da waɗanda iyayensu suka dawo da su daga Mafara, har da ƙanwar Nazir. Ya rubuta darasin ranar, ya yi bayani da dukan ƙarfinsa, kamar mai biyan wani abu. Ya kawo misali da buhun gyaɗa, ya kawo da faɗin gona. Sannan ya rubuta tambaya guda ya juyo.

"Wa zai gwada muna?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. A lokacin ya lura yawancinsu ko littafi ba su buɗe ba. Ba rashin kunya a fuskokinsu, ba raini. Natsuwa ce kawai, irin ta wanda aka ɗauke wa nauyi.

"Zahra'u," ya kira wata yarinya mai ƙoƙari da ke gaba, "taso ki gwada."

Ta miƙe cikin ladabi, ta gyara hijabinta.

"Malam, ai in lokacin ya yi za ka rubuta muna."

Ba wanda ya yi dariya. Ta koma ta zauna. Daga waje ana jin awaki sun shiga gonar makaranta suna cin harawa, ba wanda ya tashi ya kore su. Malam Hayatu ya juya ga allo. Daga nan ya ɗauki tsumma ya fara goge tambayar, yara suna kallonsa cikin haƙuri, suna jiran a kaɗa ƙararrawa.