Agogon Gwajin Inji da Kunnen Don Eleuterio

Shekara arba'in da ɗaya Don Eleuterio Ocampos yana gyaran motocin dizal a garin Eusebio Ayala, a ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke bayan gidansa, kuma bai taɓa mallakar abin awo ba in ban da kunnensa. Mai mota zai zo yana ta zuba bayani, shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa haka. Murza makulli." Tun kafin injin ya kama, daga yadda yake juyawa, ya riga ya ji wace silinda ce ta gaji.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Shekara biyu ke nan, bai gaya wa kowa ba, har matarsa Ña Zunilda. Ya koyi kallon bakin mutum in yana magana, ya koyi gyaɗa kai a inda ya dace. In an tayar da inji sai ya ɗora tafin hannu a kai, ya rufe ido, mutane su ɗauka wani sabon salon gwaninta ne.

Motar Ña Basilisa ce ta kai shi bango. Tsohuwar mota ce ƙirar Japan, da ita take raba kwandunan chipa, burodin garin rogo, ga mata masu sayarwa a bakin babban titi. Motar ta fara gardamar tashi da safe, tana fitar da farin hayaƙi. Ya ce nozul masu fesa mai ne, aka canja, ba ta daina ba. Ya ce hitar ɗumama silinda ce, aka canja duka huɗun. A karo na uku turo ta aka yi har bakin rumfar.

"Don Leú, ni fa ba faɗa na zo yi ba," in ji ta, tana share gumi da gefen atamfar da ta ɗaura a ƙugu. "Amma mata tara ke jiran kwandunan nan kullum. In ta mutu ne ka gaya mini, in je in yi kukana in huta."

Ya ce ta ba shi kwana uku.

Washegari ya ce wa Ña Zunilda zai je sayo matatun mai, ya hau bas zuwa San Lorenzo, inda babu wanda ya san shi. Ya wuce shagunan kayan aiki biyu, ya kasa shiga. A na uku wata mace ce mai furfura a bayan kanta, tana cin abincin rana a kwanon roba. Ya faɗi abin da yake nema, agogon gwada ƙarfin silinda, ƙasa-ƙasa, ko kuma shi a zatonsa ƙasa-ƙasa ne.

Ta sauko da akwatuna biyu. Ɗaya na ƙarfe, aikin Jamus. Ɗaya na jan roba, da agogo mai allura, da tiyo baƙi, da bakunan ƙarfe takwas na ɗaurawa a ramin hita. Ta faɗi farashi tana kallon akwatin, bai ga bakinta ba. Ya gyaɗa kai. Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta jawo takarda ta rubuta, ta tura masa. Na robar guaraní dubu ɗari uku da hamsin, a kuɗin ƙasar. Na Jamus ya ninka shi har sau tara.

Minti biyu kacal, baƙuwa ta gane abin da ya yi shekara biyu yana ɓoyewa.

"Na arhar nan gaskiya yake faɗa?" ya tambaya.

Ta juyo sosai ta fuskance shi, ta yi magana dalla-dalla. "Ba zan rantse maka ba, maigida. In ya ce talatin, ƙila ashirin da takwas ne. Amma in zai yi ƙarya, iri ɗaya zai yi wa silinda huɗun. Kai dai bambancinsu kake nema, ko ba haka ba?"

Ya biya, ya ce ta naɗe masa shi a baƙar leda.

A cikin bas ya rungume ledar a cinya yana kallon gonaki na wucewa. Ya tuna sau nawa ya yi wa matasan makanikai dariya in ya gan su da irin wannan akwati, yana cewa wanda ya san aiki ba ya tambayar agogo. Abin da ya fi damun sa ba su ba ne. Ña Basilisa ce, da nozul huɗu masu lafiya da ya cire mata don kada ya ce bai ji ba.

Da ya iso ya jira Ña Zunilda ta tafi wajen ƙanwarta, ya cire hitocin, ya fara gwada bakunan. Bakwai ba su shiga ba. Na takwas haƙoransa sun yi daidai, amma gajere ne, bai kai ƙasan ramin ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya daɗe. Mutum ɗaya ne a garin ke da injin sassaƙa ƙarfe: Crispín Villalba, uban baftismar 'yarsa, wanda ko tsinke ya gani a ƙasa sai duk gari ya ji.

Ya same shi a ƙarƙashin mangwaro yana shan tereré, shayin ganye mai sanyi. Ya miƙa masa bakin ƙarfen da hita ɗaya, ya ce a yi masa mai tsawon wannan. Crispín ya jujjuya shi a hannu, ya fara murmushi.

"A'a'a! Bakin agogon gwaji ne wannan fa. Kai, mutumina? Kai da kake jin ciwon inji tun motar tana can garin Caacupé?"

"Na wani ne."

"Na wa?"

Don Eleuterio ya karɓi ƙoƙon tereré, ya zuƙi ruwan sanyin, ya mayar. Ya ji ya gaji.

"Nawa ne. Crispín, kunnena ya tafi. Ba na jin inji yanzu."

Crispín ya yi dariya har da buga cinya. Da ya ga fuskar abokinsa sai ya tsaya.

"Tsakaninka da Allah, ka ɗauka ba mu sani ba? Tsoho, shekara biyu muna yi maka ihu! Dubi yadda nake buɗe baki kamar mai kiran shanu. Zunilda ce ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce mu riƙa tsayawa ta damanka, kada kuma wanda ya kuskura ya faɗa."

"Zunilda?"

"Wa kake zato ke ƙara muryar rediyo kafin ka shigo cin abinci?"

Crispín ya tashi ya fara aikin. Don Eleuterio ya zuba wa injin sassaƙar ido yana aske ƙarfe, siraran ɓawo na zubowa ƙasa. Kunya ce ta fara zuwa, mai nauyi. Daga baya wani abu ya biyo ta wanda bai san sunansa ba, ya dai ji kafaɗunsa sun sauka.

Tare suka koma rumfar, don aikin na mutum biyu ne. Ya cire wayar da ke ba famfo mai, ya ɗaura bakin a silinda ta farko, ya ɗaga hannu, Crispín ya murza makulli. Allurar ta yi ta tsalle har ta tsaya a ashirin da tara. Ta biyu sha shida. Ta uku sha biyar. Ta huɗu ashirin da takwas. Ya rubuta su da alli a jikin bonet.

"Biyu a jere," in ji shi. "Gasket ɗin kan injin ne ya ƙone tsakaninsu."

"Agogon ne ya gaya maka?"

"Agogon lamba kawai ya ba ni."

Da Ña Basilisa ta zo da safe, ya nuna mata lambobin, ya gaya mata komai: cewa nozul ɗinta na farko ƙalau suke, yana ajiye da su, kuma zato ya yi har sau biyu domin ba ya ji. Ta saurara hannunta a ƙugu.

"Da ka faɗa tun farko, Don Leú, da ban yi sati uku ina hayar motar surukina yana yi mini gori ba." Ta dubi bonet ɗin kuma. "To yaushe zan zo in ɗauka?"

"Juma'a."

Ranar Alhamis da la'asar ya gama ɗaure kan injin. Babu kowa kusa, sai ya leƙa kicin ya ce wa Ña Zunilda ta zo ta murza masa makulli. Ta goge hannu ta fito, ta shiga motar tana gyara kujera. Murzawa ɗaya injin ya kama, hayaƙin ya fito garau.

"Yaya kukansa?" ya tambaye ta.

Ta karkata kai da gaske, kamar an ba ta babban aiki. "Ni ban san na mota ba, Leú. Amma akwai wani abu da ke yin ƙas-ƙas ta wannan gefen."

Ya zagaya ya duba. Sifana ce ya manta a kan batir.