Ramin da Na Shafe

Babana, Don Evelio, birkila ne. A da kuma fasto ne na wani ƙaramin coci a saman tudun garin Bello, kusa da birnin Medellín. Wata Lahadi ya sauke gicciyen daga bango, ya ce ya karanta abin da ya karanta, shi ba zai ƙara ba. Gida goma sha ɗaya suka biyo shi. Muka bar naman alade, muka kama hutun Asabar, maza suka yi kaciya da girmansu. Shekara tara muna koyon addinin Yahudu, ba wanda ya ce mana ku shigo.

Daga ƙarshe malamai uku suka yarda za su zo daga Isra'ila su karɓe mu. Karɓar kuwa sai da nitso a mikbe, ramin wankan tsarki. Sharaɗinsa ko yaranmu sun haddace: ruwan sama ne zai cika shi da ƙafarsa, daga rufi ta indararo. Ba na famfo ba, ba wanda hannu ya ɗebo ba. Baba ya gina, ya bar mini shafen ciki. Shekarata sha bakwai, ina ganin na iya.

Ana saura kwana uku su iso, da la'asar, na ɗaga murfin ramin in duba ruwan saman da ya taru. Ba ruwa. Tsaga ce a kusurwa, inda na yi gaggawa. Sama fes, ba ko gajimare. Na toshe tsagar, da simintin ya kama na jawo tiyo daga famfon tsakar gida.

Mu arba'in da uku muka nitsa. Mamana, Nubia, ta fito daga ɗakin ɗankwalinta a jiƙe, tana rawar sanyi tana dariya. Suka sa mata suna Tamar. Bayan shekara biyu ciwon ƙoda ya ɗauke ta. Nata ne kabari na farko a filin maƙabartar da muka saya.

Ban gaya wa kowa ba. Sai da Baba ya fara sassaƙa dutsen kabarinta da haruffan Ibrananci, abinci ya daina wuce mini.

Wanda na fara gaya wa shi ne Isaac, mijin yayata Yurany. Shi haifaffen Bayahude ne, kakansa daga Foland ya zo, suna da shagon yadi a Medellín. Na same shi yana auna yadi. Da na gama ba shi labarin sai ya ajiye almakashi ya yi ta dariya.

"Tiyo? Kai Duván, ashe fuskar nan ta gawa da kake yawo da ita duk a kan tiyo ne?"

"Ba wasa nake ba, Yaya."

"Ni a ciki aka haife ni, ban taɓa leƙa mikbe ba. Kakana ranar Asabar ya fi ciniki. Ku da kuka zo jiya kun mai da ni mai ɓuya bayan gida in sha taba ran Asabar."

"Kai ko me ka yi, Bayahude ne kai. Mu ruwan nan kaɗai gare mu."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "To ja bakinka ka yi shiru. Yayarka na da ciki wata bakwai. Tsohon nan babanka kuwa, kashe shi kake so ka yi?"

Washegari da hantsi na tarar da Baba a tsakar gida, dutsen a kan buhu biyu, guduma a hannunsa. Na faɗa masa a tsaye. Bai ɗago ba.

"Ruwan saman da ya rage, ya kai gwiwa?"

"A'a, Baba."

"Idon sawu?"

"A bushe yake."

Ya hure ƙurar da ke cikin harafi, ya shafa da babban yatsa. Na so ya jefe ni da gudumar. Ya ce, "Da ka zo ka faɗa mini, da sun jira ruwa. Shekara tara muka jira." Ya lulluɓe dutsen da buhu.

Ranar Asabar ya miƙe gaban jama'a ya ce mikben da ya gina da famfo aka cika shi. Bai kira sunana ba. Don Arcesio mai burodi ya zauna a ƙasa ya kama kansa. Wata mata ta tambaya ko aurenta yana nan. Ba wanda ya ce ruwa ai ruwa ne, ko mutum ɗaya. Addu'ar jama'a sai da Yahudawa maza goma, tunda kuwa nitsonmu bai karɓu ba, Isaac ne kaɗai Bayahude a ɗakin. Ya tsaya yana kallon takalminsa. Aka mayar da littafin Attaura cikin akwatinsa ba a buɗe ba.

Baba ya rubuta wa malaman. Amsa ta zo: masu rai su sake nitso. Batun marigayiya kuwa, suka ce Allah ya san niyyarta. Baba ya juya takardar ko akwai ƙari a baya. Babu.

Mu biyu muka kankare ramin muka sake shafe. In ya yi mini magana, to yashi yake so ko cokalin gini. Ruwan Oktoba ya sauka, ramin ya cika da kansa, Baba ya sa kwaɗo ya riƙe makullin. Yurany ta haihu kafin malaman su dawo, sai da aka nitsar da jaririyar ita ma.

Ran nitson ni ne na ƙarshe a layin maza. Na fito na ga Baba a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, maɓallan rigarsa a rufe har wuya.

"Baba, kai ake jira."

"Ku gama."

Babban malamin ya fito da kansa, wani dattijo mai tari. Ya ce, "Don Evelio, kai ka kawo mutanen nan. Minti ɗaya ne."

"Na sani, Malam. Ruwan da matata ta shiga shi na shiga. Ita ba za ta sake ba. Abin da take, shi nake."

Dattijon ya juya. Ya koma ciki.

Yanzu Baba a bencin baya yake zama, wurin baƙi. Shi ya koya wa kowa a ɗakin nan harafin farko, har yau in mai karatu ya yi tuntuɓe, daga baya gyaran ke zuwa. Ni ke ƙirga maza kafin addu'a. In na zo kansa sai in tsallake. Ran da muka tsaya tara, shi ke fita bakin titi ya duba ko wani na tafe.