Ihun Injiniya

Duk layin an san Injiniya da cika baki a kan wutar lantarki. In ya zauna a bakin shagonsa na gyaran wuta, cewa yake shi da ita sun saba, ko ta ja shi ji yake kamar tafiyar tururuwa. Matarsa, mai kitso, ba ta taɓa ƙaryata shi ba, ko da yake ita ce ke jona dutsen guga a gida. Soket ɗin falo yana ɗan tartsatsi, kuma duk lokacin da aka zo guga sai Injiniya ya tuna yana da uzuri a waje.

Abin da ya kwantar da shi ma ba wuta ba ce. Tsani ne ya zame, gilashin taga ya yanke shi a saman wuyan hannun dama. Likita ya ɗinke jijiyar da ta yanke, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka zama kamar na aro, ba sa ji, ba sa riƙe filaya. Da ciwon ya warke aka tura shi ɗakin gashin ƙashi, inda ake manna wa mutum faci biyu masu waya, a kunna na'ura ta riƙa tsikarar jijiyar da wuta kaɗan-kaɗan.

Ranar farko dubawa kawai aka yi masa. A gadon kusa da shi akwai wani mahauci, ƙato, wanda ana kunna masa na'ura ya kurma ihu yana kiran uwarsa. Injiniya ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba ɗan'uwa, wannan 'yar wutar tocila?"

"Naka na zuwa," in ji mahaucin.

Nasa ya zo, Injiniya ya zauna kamar an dasa shi. Likitar gashin, wata matashiya mai gilashi, tana murɗa na'ura tana tambaya, "Baba, kana ji?" Sai ya ce ko kaɗan, yana satar kallon mahaucin. Ta ɗauko tsinke ta tsikari fatar daga wurin ɗinkin zuwa tafin hannu. Shiru. Haka aka yi ta yi mako bayan mako, shi yana ƙara fankama, ita fuskarta tana ƙara ɓaci.

Rannan likitar ta ja matarsa gefe.

"Anti, ya kamata a ce jin ya fara gangarowa yanzu. In mako mai zuwa babu canji, babban likita zai sake buɗe hannun, watakila a yanko jijiya daga ƙafa a dasa."

Mai kitso ta yi godiya, suka fito. Da ta gaya masa a hanya, sai ya ɗaga kafaɗa. "A buɗe mana. Ai a tiyata barci ake sa mutum."

Maganar ta tsaya mata a rai, amma ba ta gano inda ta dosa ba sai ranar wanki. A aljihun wandonsa ta tsinci wani ɗan bututun man shafawa fari. Hannunta ya bushe da sabulu, sai ta matsa ta mulke yatsunta, ta zauna yi wa maƙwabciyarta kitso. Ba su kai tsakiyar kai ba maƙwabciyar ta fara kuka.

"Wayyo, yau faɗa muke yi? Za ki tuge min kai!"

Mai kitso ta dubi yatsunta. Suna nan, suna motsi, amma gashin da ke cikinsu ba ta jin sa. Ta wanke hannu, ta ba da haƙuri, ta ɗauki bututun, ta yafa mayafi sai shagon mai kemis.

"Na kashe fata ne, kafin allura ake shafawa," in ji shi. "Ai Injiniya ya ce naki ne. Wai kaushi ya farfasa miki ƙafa, ba kya iya takawa."

"Kaushi?"

"Haka ya ce. Da sauƙi dai?"

"Da sauƙi," ta ce, tana kallon dugaduganta masu santsi.

Yanzu ta gane dalilin da ya sa yake kulle kansa a banɗaki kafin su fita, da dalilin riga mai dogon hannu cikin zafi, da shiga bayin asibiti da zarar sun isa don ya goge man. Ta san in ta tunkare shi zai rantse, ya sayo wani a wani shagon. In ta gaya wa likita kuwa, ta tsinka shi a gaban mahauci. Sai ta ɗauko filayarsa ta warware gindin bututun, ta matse maganin tas, ta ɗura farin man da take shafa wa masu kitso, ta naɗe gindin yadda yake, ta mayar aljihu.

Ranar gwajin ƙarshe ya fito daga banɗaki yana sansanar hannun riga.

"Lafiya, Baban yara?"

"Lafiya lau. Ƙamshin kwakwa nake ji."

"Kaina ne," ta ce.

Babban likita da kansa ya zo ya tsaya. Mahaucin ma yana nan, ya gyara kwanciya don kallo. Injiniya ya miƙa hannu kamar mai karɓar gaisuwa. "'Yata, ki kai ta ƙarshe kawai, kar mu ɓata wa likita lokaci."

Ba ta kai ko rabi ba.

"Wayyo Allah! Kashe! Kashe babban layi!"

Ya yi tsalle har takalminsa ɗaya ya shige ƙarƙashin gado. Mahaucin ya kife yana dariya yana haƙi. "Ta tocila ce fa, Injiniya! Ta tocila!"

Likitar gashin kuwa tuni ta ɗauko tsinkenta. Ta tsikara a ƙasan ɗinkin, ya ce ash. Ta gangara, ya ce ash. Har gefen tafin hannu yana ash yana zare ido.

"Jijiya tana tafiya," in ji babban likita. "Ba sai mun taɓa shi ba. A ci gaba da wuta."

"A ci gaba?" Muryar Injiniya ta zama ta ɗan tsako.

Likitar gashin ta gyara gilashi. "Ni dai ban taɓa ganin jijiyar da ta yi wannan tafiyar a mako guda ba." Ta dubi matar. Matar ta duƙufa neman takalmi a ƙarƙashin gado.

Suka shiga mota, har sun kusa gida. Can ya fashe.

"Wallahi mai kemis ɗin nan jabu yake sayarwa!"

"Jabun me?"

"Maganin... kaushinki."

"Ayya. Ai ni ya yi min aiki."

Ta kama hannun nasa kamar mai lallashi, ta sa farce ta mintsini gefen tafin.

"Ash! Ke!"

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta sake mintsina.