Atayan Alhaji Ndayako

Jawahir ce ta miƙo wa yayanta Abdulƙudus kwalin maganin zuciyar mahaifinsu, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba.

"Yaya, sati uku ke nan Baba bai sha ba. Wai kai ka ce shayi ya wadatar."

Abdulƙudus ya juya kwalin a hannunsa. Ba haka ya ce ba. Ranar da ya dawo Kontagora daga jami'a ya tarar da mahaifin nasu, Alhaji Ndayako, yana kurɓar ataya, sai ɗokin nuna ilimi ya ɗebe shi, ya ce masana suna binciken wasu sinadarai da ke cikin koren ganyen shayi, ana kyautata zaton suna taimakon jijiyoyin jini. Tsohon ya riƙe taimakon, ya zubar da zaton. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin buhunan dawa domin ɗansa ya yi karatu bai ga dalilin fifita likitan asibiti a kan masanin da ya haifa ba.

Bayan la'asar Abdulƙudus ya sami uban a rumfarsa ta kasuwa tare da abokansa, buta tana tafasa a kan gawayi. Ƙafafun Alhaji sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kuma ba ya kai ƙarshen magana sai ya tsaya neman numfashi.

"Ga likitanmu nan!" in ji Malam Ɗanjuma, dillalin gero daga Rijau. "Ɗana, ni ma na watsar da maganin hawan jinin nan. Kofi uku da safe, uku da yamma. Uwargida har cewa take na koma saurayi."

Aka bushe da dariya, Alhaji ya fi kowa, har tari ya sarƙe shi.

Abdulƙudus ya durƙusa ya gaishe su. Ya sani sarai ɗa ba ya gyara wa uba zance a gaban tsararsa. Amma idan ya bari sai an koma gida, Malam Ɗanjuma zai riga ya hau motar Rijau, ya ci gaba da yaɗa zancen da sunansa.

"Baba, ku gafarce ni," ya ce, kansa a sunkuye. "Ni ba likita ba ne. Binciken nan ba a kammala shi ba, kuma shayi ba ya maye gurbin magani. Duk wanda ya ajiye nasa, don Allah ya koma asibiti. Laifin bakina ne."

Malam Ɗanjuma ya ajiye kofinsa a hankali.

"To, shekara huɗun nan me ka je ka karanto?" Alhaji ya tambaya, bai dube shi ba.



Tsohon ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. Ɗan ya miƙa hannu da sauri, uban ya kauce, ya dafa kafaɗar abokinsa.

"Ɗanjuma, raka ni asibitin. Shi kuma ya tsaya ya rufe rumfa."