A Buɗe ko a Dunƙule

Ƙungiyar masu karate ta buƙaci kowace makaranta ta ɗauki kata ɗaya, wato tsararren jerin motsin faɗa, a bidiyo, siga ɗaya tak, don a adana. Makarantar marigayi Malam Yonaha da ke garin Itoman ta zaɓi Passai.

A tsakiyar Passai akwai inda mutum ke juyawa hagu ya sauke hannun dama. Ganaha, tsohon makanikin jiragen kamun kifi, a buɗe yake sauke shi. Haka Malam ya koya masa tun Malam na da ƙarfinsa. Teruya, wanda ya shigo daga baya kuma shi ke riƙe da makarantar yanzu, a dunƙule yake saukewa.

"Yaya, Malam da hannunsa ya naɗe min yatsun nan," in ji Teruya.

"Lokacin ciwon gaɓɓai ya gama da shi, yatsunsa ba sa miƙewa. Ciwonsa ka koya."

"Kai kuma ƙuruciyarsa ka koya. Mutum ba ya ƙara sani ne in ya tsufa?"

Ganaha bai da ɗalibi. Ɗansa na aiki a Osaka, bai taɓa ɗaura ɗamarar karate ba. Idan bidiyon ya fita da dunƙulallen hannu, buɗaɗɗen zai bi Ganaha kabari.

Ganaha ne ya kawo shawarar su je wurin Kohagura, ɗalibin Malam na farko, wanda ke zaune a gidan kula da tsofaffi. Suka riƙe masa alewar baƙin sukari. Sun same shi a keken guragu, bakin taga.

"Ashe har yanzu ba ku mutu ba," in ji tsohon.

"Kai muke jira ka yi gaba, Yaya," Teruya ya ce.

Ganaha ya miƙe tsakanin gadaje ya nuna masa juyin, sau ɗaya a buɗe, sau ɗaya a dunƙule. Kohagura ya ɗaga nasa hannun ya daɗe yana dubansa.

"Ni da gwiwar hannu ya ce in yi. Wai ni gajere ne, kafin hannuna ya kai an fasa min baki."

"To Malam da kansa fa, yaya yake yi?" Ganaha ya tambaya.

"Shi? Wa ya taɓa ganin ya yi ta daga farko har ƙarshe? Zama yake yana shan taba yana zaginmu." Ya leƙa ledar. "Ba ku zo da giya ba?"

A hanyar dawowa Teruya ya kunna rediyo.

An jefa ƙuri'a a makaranta. Duk waɗanda suka zo ɗaliban Teruya ne, ban da Ganaha. Dunƙulallen hannu ya yi nasara.

Ranar ɗaukar bidiyo, Chiemi, ɗalibar Teruya, ce ta tsaya gaban kyamara, ma'aikaciyar jinya da ta sha cin gasa. Ta iso juyin, ta sauke hannu a dunƙule, sannan ta daskare na ɗan lokaci tana zare ido, kamar yadda ake yi don alƙalan gasa. Wannan tsayuwar babu ita a ta Ganaha, babu ita a ta Teruya. Ganaha ya dubi Teruya. Teruya na kallon katakon ƙasa.

"A sake?" mai kyamara ya tambaya.

"Ya isa," in ji Teruya.

Chiemi ta zo ta rusuna gaban Ganaha tana share gumi.

"Kawu, na yi daidai?"

"Ƙafafunki sun zauna. Zo in nuna miki wani abu a juyin nan, ba zai ɗau lokaci ba."

Ta dubi agogon bango. "Kawu, yanzu za a tashi su Yuito ɗana daga makarantar reno, ba mai ɗauko min shi. Wani makon?"

"To, wani makon."

Ta ɗauki jakarta ta fita da sauri. Mai kyamara ya roƙi Ganaha ya ɗan matsa, domin ya taka masa wayar kyamara.